Me gandun daji ya tsinana mana? Amsa ga mai tambaya daga Dakwaro

Wani matashi ɗan Dakwaro, mai sayar da hatsi a kasuwar Maraɗi, ya aiko da wannan tambaya: "Baba malam, gonaki sun yi mana kaɗan, gado ya koma tsaga-tsaga. Ga daji guda an killace a Gadabeji saboda raƙuman dawa, ga Babban Rafi ya zama maɓoyar ɓarayi. Turawan da aka ce za su zo kallo su bar mana kuɗi, ba mu gan su ba. Me ya hana a raba wa talakawa su noma?"

Ɗana, maganar ƙuncin gona gaskiya ce, ba mai musa maka. Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 3 da dubu 400 a jihar Maraɗi, kuma tun daga lokacin ƙaruwa muke yi. Gonar da kaka ya noma shi da 'ya'yansa, yau jikoki ne ke layi a kanta. A kudancin jihar, saura ta zama labari. Ba wanda ke iya barin gona ta huta ko da damina ɗaya. Wanda ke cikin wannan hali in ya ga daji an ce kar a taɓa, dole ransa ya sosu.

Maganar masu yawon buɗe ido ma ina tare da kai, sai dai bari in faɗa maka inda ta samo asali. Tun da Amurka ta keɓe Yellowstone a 1872, wurin da ake lissafawa a matsayin gandun shaƙatawa na ƙasa na farko a duniya, aka riƙa haɗa keɓe daji da zuwan baƙi masu biyan kuɗi. Akwai inda abin ya yi riba ƙwarai. A Ruwanda, baƙo ɗaya na biyan dalar Amurka 1,500 don ya yi awa guda yana kallon goggon biri a kan dutse, kuma kashi 10 cikin 100 na kuɗin da gandayen ƙasar ke samu ana mayar da shi ga ƙauyukan da ke kewaye da su. Kusa da mu, Yankari ta jihar Bauci tana samun baƙi, yawancinsu ma 'yan Najeriya ne da ɗaliban makarantu masu zuwa ganin giwa da wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Mu ma mun ɗanɗana. A Kure, kusa da Yamai, matasan ƙauye sun kafa ƙungiyar masu yi wa baƙi jagora, suna cin abinci da nuna raƙuman dawa, kuma albarkacin dabbobin aka gina rijiyoyi, mata suka samu ƙananan basussuka. Ranar 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a wurin, Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, kasuwar ta watse. Gandun W na kudancin Yamai, wanda aka kafa a 1954 kuma hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1996, yau rashin tsaro ya hana baƙi leƙa shi. Kuɗin yawon buɗe ido kuɗi ne mai tsoro, ƙarar bindiga ɗaya ke korar shi shekaru. Duk wanda ya ce maka don shi aka keɓe Gadabeji, ya ba ka hujja mafi rauni. In ya zo, madalla. Amma ni da na yi rayuwar aikina a harkar daji, ba da shi nake auna amfanin gandu ba.

Gandu rumbun tsimi ne. A shekarar ƙoshi ba a ganin amfaninsa, har yara su riƙa tambaya me ya sa aka liƙe shi alhali ga buƙatu. Ranar da damina ta ƙi ake gane dalili.

Ɗauki Gadabeji, tunda ita ta fi tsaya maka a rai. An keɓe ta a 1955, hekta 76,000, musamman don mariri da bareyi. Ta faɗa arewa da kwarin Tarka, cikin yankin da dokar 1961 ta ware wa kiwo, ta ce noman damina ya tsaya daga kudu. Ba don ƙin manoma aka ja wannan layi ba. Ruwan can kaɗan ne, ba shi da tabbas, ƙasar kuma rairayi ce da ciyawa ke riƙe da ita. Kai ɗan Dakwaro ne, ka san abin da ke faruwa da gonakin da aka yi ta buɗewa arewa: shekara ta fari da ta biyu a samu dami mai kyau saboda ƙasar sabuwa ce, daga nan iska ta fara kwashe ta, a yi shuka sau uku rairayi na binnewa, a ƙarshe mai gonar ya tafi cin rani ya bar fili fetal, ba hatsi ba ciyawa. In ka raba hekta 76,000 biyar-biyar, gidaje kusan 15,000 za su samu. A jihar da ke da mutum miliyoyi, haihuwar 'yan watanni ta cinye wannan rabo, kuma an yi shi ke nan, ba a sake yi.

Abin da wurin ke bayarwa yanzu ciyawa ce, ciyawa kuwa a ƙasarmu kuɗi ce. Dabbobi na cikin manyan abubuwan da Nijar ke fitarwa waje, kuma shanu da tumaki da raƙuman da kake gani ana lodawa zuwa Jibiya da Kano, a irin waɗannan makiyayai na arewa suka yi ƙiba. Je ka tambayi kuɗin buhun dusa ko ƙunshin harawa a watan Mayu na shekarar da kiwo ya gaza, ka tambayi nawa ake sayar da saniyar da ba ta iya tashi. A 2010 makiyayan arewacin jihar nan sun ga garke ya ƙare a idonsu, mahauta na sayen sa a kuɗin da bai kai na akuya ba. A irin wannan shekara, wurin da aka hana sassabe da kafa zango, inda ciyawa ta samu ta yi iri ta bushe a tsaye, shi ne ke raba makiyayi da talaucin da ba ya warkewa. Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba: irin ciyawa mai kyau daga nan iska da kofaton dabbobi ke yaɗa shi zuwa wuraren da suka ƙwaƙule. Dubi makiyayan kudu da burtaloli, inda dabbobi ke cinye ciyawa tun kafin ta yi 'ya'ya. Garmani ya mamaye su, ganye shar a ido, amma ba abin da saniya za ta ƙaru da shi.

Ga kuma zaman lafiya, wanda ba a saye a kasuwa. Duk hektar kiwo da ta koma gona, dabbobin da ke cin ta ba sama za su tashi ba, kudu za su gangaro da wuri, tun hatsi na tsaye. Mutanen jihar nan ba su manta da Toda ba, a 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rai sama da ɗari, yawanci mata da yara. Mai son ya san darajar filin da ke riƙe garke a arewa har a gama girbi, ya fara lissafi daga nan.

Raƙuman dawan da kake jin haushi kuwa, ba su suka kori kowa ba. Sun tarar da gandun yana da shekara sittin da ɗoriya. Irin nasu na Afirka ta Yamma ya ƙare ko'ina sai a Nijar, kuma a 1996 guda 49 kacal suka rage. Da kariya suka haura 600. Ajiye su duka wuri ɗaya a Kure haɗari ne, cuta ɗaya ko fitina ɗaya ta isa ta share su, shi ya sa a Nuwamban 2018 aka ɗauko takwas a mota, tafiyar sama da kilomita 800, aka mayar da su Gadabeji inda suka ɓace tun farin shekarun 1970. Daga baya an ƙaro huɗu. Ganyen saman ƙaya suke ci, inda bakin tunkiya ba ya kai. Maririn da aka keɓe wurin dominsa shi bai yi wannan sa'a ba: ya ƙare ƙaf a daji, sai daga waɗanda aka kiwata a ƙasashen waje aka mayar da shi Cadi a 2016, da kuɗi mai yawan gaske. Tsare abu tun yana nan ya fi araha nesa ba kusa ba. A 2017 UNESCO ta amince da Gadabeji da kewayenta, sama da hekta miliyan ɗaya, a tsarin da ke raba wuri uku: cibiya da ake tsarewa sosai, zobe na biyu da ake amfani da shi bisa ƙa'ida, sai na waje inda jama'a ke zamansu da sana'arsu. Ma'ana, a takarda dai, makiyayi yana cikin lissafin.

Babban Rafi lissafinsa daban ne, don shi a tsakiyar manoma yake, ƙasarsa kuma za ta yi hatsi. Nan tambayarka ta fi ƙarfi. To amma ka tsaya bakin hanyar Madarunfa da sassafe ka ƙirga amalanken itace masu shiga gari. Mafi yawan tukwanen Maraɗi da itace suke tafasa, gas bai kai ko'ina ba, kuma dajin nan ya daɗe yana cikin manyan masu ciyar da murhun birnin. Dokar 1992 ta kawo kasuwannin itace na karkara: ƙauye ya kafa kwamiti, a ƙayyade masa yawan abin da zai sara a shekara, a raba dajin kashi-kashi ana sara ana barin wani ya tofo, ɗan kasuwar birni kuma ya saya a hannun ƙauye maimakon ya shigo da ma'aikatansa ya yi ta ɓarna. Harajin da aka karɓa ana raba shi tsakanin ƙauye da ƙaramar hukuma da baitulmali, kuma inda dajin ke da cikakken tsari, rabon ƙauye ya fi tsoka. Sabara da geza da taramniya in an sare su daidai suna sake tofowa, don haka wannan girbi ne da ake maimaitawa. Inda kwamiti ya riƙe amana an ga rijiya da aji da bankin hatsi. Inda 'yan tsiraru suka mayar da shi gadonsu, aka riƙa sara fiye da ƙa'ida ana rubuta ƙasa da haka, daji ya yi ta ja da baya. Na ga iri biyun.

Itace ma shi ne abin da ake gani. Akwai tattalin arzikin da ba ya shiga littafin kowa saboda mata da tsofaffi da marasa gona ne ke yin sa. Matar da ta tsinko magarya da aduwa da kanya da ɗinya ta kai kasuwar ƙauye, da kuɗin take sayen gishiri da sabulu da littafin lakwal. Maƙeri na neman gawayin ƙirya, masassaƙi na neman ta don turmi. Majemi da bagaruwa yake jeme fatar jar akuyar nan da sunan Maraɗi ya fita duniya da ita. Mai magani, mai zuma, mai yankan gamba don zana, duk nan suke kiwo. A Gulbin Kaba, wajen Mayahi, kabar goriba ce jarin dubban mata masu saƙar tabarma da igiya. In kuma yunwa ta zo, kamar 1984 ko 2005, dilon anza da jiga da yaɗiya da tafasa su ke riƙe ciki kafin taimako ya iso, in ma ya iso. Ranar da aka raba daji gonaki, mai ƙarfi da mai sanin manya ne za su samu manyan kaso, ka san haka na san haka. Bazawarar da ke shiga ta fito da abin miya ba ta cikin masu rabo, kuma daga ranar duk inda ta sa ƙafa gonar wani ce. Dajin gwamnati, da duk aibinsa, shi ne kaɗai filin da wanda ba shi da komai ke da haƙƙi a ciki.

Batun ɓarayi ba zan yi maka kwana-kwana ba. Gaskiya ne suna fakewa a dazuzzukan kan iyaka, daga Rugu ta Katsina har zuwa namu, gaskiya ne kuma mutanen Gabi da kewaye sun sha wuya da satar shanu da garkuwa da mutane. Amma ba itatuwa suka haifi 'yan bindiga ba, kuma garuruwa nawa suka afka wa a tsakiyar gonaki inda ba ko inuwa? Dajin da masu itace da masu kiwo da ma'aikata ke kai da komo a ciki kullum, baƙon ido ba ya ɓoyuwa. Wanda aka bari ba kowa shi ne ke zama gidan ɓarawo. Sare shi zai bar mu da ɓarayin, ya raba mu da itacen.

Tafkin Madarunfa ba sai na tsawaita ba. Masunta na ci, masu lambu na ci, tsuntsayen da ke ƙetaro hamada na sauka, masu ziyarar kaburburan waliyyai 99 na kawo wa gari ciniki. A 2019 aka sa shi cikin jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya. Babban maƙiyinsa yashi ne da ruwa ke kwasowa daga inda aka aske itatuwa, yana cike shi sannu a hankali. Itacen da ke tsaye a tudu yana yi wa masunci aiki ko bai sani ba.

Yanzu ga inda nake ganin ku masu ƙorafi kun fi mu ma'aikata gaskiya. Amfanin gandu na kowa ne, amma wahalarsa ta maƙwabcinsa ce. Mutumin birni ya samu itace, ƙasa ta samu suna, duniya ta samu raƙumin dawa, shi kuwa na bakin daji shi ne aka hana gona, shi ne biri da gyado ke yi wa ɓarna, shi ne ake ci tara. A Kure ma raƙuman dawa na cin waken mutane da mangwaronsu. Dokar daji ta Turawan mulkin mallaka ta 1935, da tamu ta 1974 da ta bi sawunta, sun mayar da itace kamar kayan gwamnati ko a gonarka ya tsiro. Manomi ya ga mai kakin daji sai gabansa ya faɗi. Sakamakon shi ne mutane suka riƙa kashe tsiro tun yana ƙarami, don kar ya girma ya jawo musu tara. Dokar da aka yi don tsare itace ita ta riƙa cinye shi.

Maganin wannan a jihar nan aka gano shi, shi ya sa nake mamaki in na ji ana neman darasi daga nesa. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa 'yan kumbunan da ake sassabewa kowace bazara ba ciyayi ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. In ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka datse sauran, cikin 'yan shekaru ka samu itace, ba dashe ba ban ruwa. Manoman da suka fara, dariya aka yi musu ana cewa ƙazaman gona. A 1984 aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a nan Maraɗi. Sannu a hankali hannun hukuma ya sassauta, mutane suka ga in sun bar itace nasu ne, ƙauyuka irin su Ɗan Saga a Agye suka kafa kwamitin tsaro da dokokinsu na kansu, har da mata da makiyaya a ciki. Sassaben zamani ya bazu daga gona zuwa gona. Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar, yawanci a Maraɗi da Damagaram. Ka san yadda hatsi ke yi a gindin gawo, ba sai na faɗa wa mai sayar da hatsi ba. Dokar daji ta 2004 ta zo ta buɗe ƙofa ga ƙananan hukumomi da jama'a su shiga riƙon dazuzzuka. Mutanen da aka ce su ne maƙiyan itace, su suka tsayar da itatuwan da duk ayyukan dashe na ƙasar nan ba su kama ƙafarsu ba, da zarar sun tabbata amfanin zai shiga gidansu.

Wannan ya shafi tambayarka ta hanya biyu. Gonar da ke da itatuwa tana ba mai ita makamashi da abincin dabba da taki, sai buƙatarsa ga gandu ta ragu. Ƙuncin gona da ƙara wa gonar albarka ake rage shi, tunda ƙasa ba ta ƙaruwa. Sa'an nan abin da ya yi aiki a gona shi zai yi aiki a gandu. Sai dai kar a ce tunda gonaki sun cika da itace gandu ya zama banza. Manomi yana barin abin da zai amfane shi ne, gawo da kalgo da aduwa. Barewa da jimina da tuje ba sa zama a gona, garke ba ya kiwo a cikinta da damina, kuma itatuwa da dama da suka ɓace a karkara sai a gandu ake samun irinsu.

Saboda haka ban goyi bayan a raba ba, amma ban goyi bayan a bar abin yadda yake ba. Ɗaukar masu gadi da masu bin sawun dabbobi ya kamata ya fara daga 'ya'yan rugage da ƙauyukan da ke kewaye, don sun fi kowa sanin wurin. Aikin share hanyoyin tare gobara bayan damina, wanda ke ceton kiwo mai yawa kowace shekara, a biya mutanen wurin su yi shi a kan lokaci, ba sai wuta ta ci rabi ba. Ƙa'idar shiga kiwo ko yankan ciyawa a shekarar fari a zauna a tsara ta da arɗo da hakimi tun ana ƙoshi, kowa ya san ta, don kar ta zama abin ciniki a bakin daji tsakanin mai sanda da mai kaki. A wasu gandayen kudu da suka riga suka lalace akwai tsarin ba da noma bisa yarjejeniya, ka shuka hatsi ka raini itatuwan da ke ciki na wani wa'adi. Yana da amfani in ana bibiya. In ba a bibiya, raba daji ne ta bayan gida, kuma ba talakan da kake yi wa magana ne ke samu ba.

Kai kuma akwai abin da za ka iya tun yanzu. Kasafin kuɗin ƙaramar hukuma ba asiri ba ne. Ku haɗu ku je ku tambaya nawa aka samu bara daga harajin itace da tarar daji, nawa ne rabon ƙauyuka, kuma a wane aiki aka sa shi.